Bayan motata ya karkata hagu tun da aka sa koyiloba: ina matsalar take?

Mai Farar Mota:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin ƙafar mota, domin wata matsala ta hana ni sakat tun da na canza ƙafafun motata makonni uku da suka wuce. Na cire sifirin da shokozoba na asali gaba da baya, na sa koyiloba sababbi fil, irin waɗanda ake ɗaga mota ko a sauke ta ta hanyar juya zobba a jikin tiredi. Motar mai ƙofa huɗu ce, da ƙafafun gaba take ja, kuma sitiyarinta yana hagu. A gaba sifirin yana naɗe a jikin shokozoba kamar yadda aka saba gani, amma a baya rabe suke: shokozoba tana tsaye ita kaɗai kusa da taya, sifirin kuma yana zaune can ciki a kan hannun ƙasa, da mazauninsa mai tiredi a sama. An rubuta 8K a jikin sifirin na gaba, 6K a jikin na baya, wato ma'aunin taurinsu.

Ranar da aka gama aikin dare ya yi, saboda haka ban lura da komai ba. Washegari da safe na tsaya bayan motar daga ɗan nesa, sai na ga ta sunkuya hagu kamar wadda aka ɗora wa kaya a gefe guda. Da na matsa kusa na sa hannu, a dama yatsu biyu suna shiga tsakanin taya da leɓen fenda, a hagu kuwa ɗaya ma da ƙyar. Wanda ya yi aikin ya ce in yi haƙuri, sabon sifirin yakan ɗauki kwanaki kafin ya zauna. Na yi haƙurin, na yi tafiyar kusan kilomita 400, amma karkatar tana nan yadda take.

Na auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen fenda: hagu milimita 332, dama milimita 350, wato bambancin milimita 18. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tiredin da ya rage a fili a mazaunin sifirin daidai yake a gefe biyun, milimita 25 nan, milimita 25 can. Na ɗaga motar na juya zoben hagu zagaye biyar. Hagun ya hau zuwa 342, amma daman ma ya bi shi zuwa 353, ko da yake ban taɓa shi ba, don haka bambancin ya koma 11 ne kawai. Da na fita gwaji kuma sai na ji motar ta canza hali: idan zan sha kwanar dama tana yi mini wani iri, ba kamar yadda take shan ta hagu ba. Na tsorata, na mayar da zoben inda yake tun farko. Na kuma gwada ƙara wa shokozobar hagu tsawo da milimita 10, wannan karon ko motsi motar ba ta yi ba, shi ma na mayar.

Tambayata ita ce: shin sifirin ɗin hagu ne ya zo da matsala daga kamfani, ko kuwa akwai kuskure a ɗaurin? Kuma idan na ci gaba da juya zoben hagu har sai ido ya ga daidai, akwai illa? Ba na son in saba wa motar da karkata, ba na kuma son in rufe wata matsala da wata.

Tsohon Makanike:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi dabara da ka mayar da zoben inda yake. Kafin ka ɗora wa sifirin laifi, ka sani cewa a shekarun da na yi ina wannan aiki, da wuya na ga sabon sifirin ya zo da bambancin da zai karkatar da mota haka, amma na sha ganin motar da aka ɗaure ƙafarta ba a kan ƙa'ida ba. Duk da haka ka duba lambobin da ke jikin sifirin ɗin biyu, ka tabbata iri ɗaya ne, ka kuma leƙa ka ga ko kowanne ya zauna sosai a gurbinsa. A kan hannun ƙasa akwai ɗan tudu ko kwarmi inda bakin sifirin yake tsayawa, kuma akwai robar da ake shimfiɗa masa. Idan bakin ya hau kan tudun a gefe guda, ko an manta robar a ɗaya gefen, ka ga bambanci ya samu ba tare da tiredi ya nuna komai ba.

Amma abin da na fi zargi shi ne bushin. Mutane da yawa suna zaton hannun ƙafa yana juyawa ne a kan kusarsa kamar ƙyauren ƙofa. Ba haka abin yake ba a bushin na roba. Bututun ƙarfen da ke tsakiyarsa yana maƙale ne da zarar an ɗaure noti, robar ce take murɗewa duk lokacin da taya ta hau ko ta sauka. Saboda haka idan aka ɗaure notin alhali mota tana sama ƙafafunta suna reto, to da an sauke ta robar za ta zauna a murɗe, ta zama kamar wani ƙaramin sifirin da ke ture motar sama. Ga shi kuma ka sauke motar ƙasa da tsayinta na asali, don haka har bushin ɗin da ba a taɓa ba yanzu a murɗe suke. Idan mai aikin ya tallafi hannun hagu da jak lokacin ɗauri domin ramin kusa ya haɗu, amma ya ɗaure na dama yana reto, to ba hagun ne ya yi ƙasa ba, daman ne ya ƙi sauka. Banda karkata, irin wannan ɗauri yana yaga roba tun kwananta bai ƙare ba.

Maganin ba shi da wuya, sai dai yana son rami ko gadar da mota za ta hau da nauyinta a kan tayoyinta. A sassauta duk notunan bushin na baya, ba a cire su ba, a danna motar a sake ta sau da yawa, a tura ta gaba da baya kamar mita biyu ko uku domin tayoyi su saki, sannan a ɗaure tana zaune, da sifanar awon ɗauri, a kan adadin da littafin motar ya faɗa.

Na biyu shi ne sitabilaiza, wato sandar nan da ta haɗa ƙafar hagu da ta dama. Cire linkejinta, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa bakinta da ƙafar, a gefe guda, ka tura motar ka sake aunawa. Idan awon ya canza, ko kuma da ka zo mayarwa ka ga ramin bai yi daidai da kusa ba sai an danne sandar da ƙarfi, to ita ma tana da hannu a ciki. Koyiloba da yawa suna zuwa da linkej mai tiredi, kuma abu ne mai sauƙi a bar ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Kada ka taɓa zobe ko zagaye ɗaya har sai ka gama da waɗannan biyun.

Ina roƙonka kuma, kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ka sa mata matokarai na ƙarfe. Kada kuma ka juya zobe nauyi yana kansa, domin yawancinsu na alminiyam ne, tiredinsu ba ya jure wannan. Ka goge yashin da ke jiki da buroshi tukuna, ka shafa ɗan man hana tsatsa.

Direban Dare:

Malam, ni ina ganin an tsawaita abin. Ai don haka aka yi zobban, domin kowace kusurwa a saita ta yadda take bukata. Babu motar da nauyinta yake daidai hagu da dama: ga batir, ga tankin mai, ga sitiyari da kayansa duk a gefe. Litar fetur ɗaya ta kai kusan kilo 0.74, wato tanki mai lita 50 ya kusa kilo 37, kuma idan ba a tsakiya yake ba dole gefe guda ya ji shi. Tawa da aka sa mata, sai da na ƙara wa gefen direba zagaye biyu, kuma har yau lafiya lau take. Shawarata ita ce ka juya motar ta fuskanci inda bayanta yake a wurin da kake aunawa. Idan karkatar ta koma dama, daɓen ne ba daidai ba. Idan ta tsaya a hagu, ka ƙara wa zoben hagu har ta miƙe. Amma ba ka faɗa mana awon gaba ba.

Mai Farar Mota:

Na gode muku ƙwarai. Gaskiya ban taɓa auna gaba ba, domin a ido ban ga komai a can ba. Yanzu na fita na auna a wurin da na saba, tanki rabi, babu kowa a ciki, a cikin but ɗin motar babu kaya sai safaya, iskar tayoyi duk na daidaita ta da geji. Gaba hagu 345, gaba dama 352, baya kuma yana nan 332 da 350. Na juya motar kamar yadda aka ce, lambobin ba su canza da fiye da milimita ɗaya ba. Lambobin jikin sifirin ɗin baya iri ɗaya ne, robobinsu suna nan, kuma bakin kowanne yana gurbinsa. Bushin da linkej sai ranar da na samu rami.

Mai Sikeli:

Ɗan'uwa, waɗannan lambobi huɗu da ka kawo sun fi duk bayanin farko amfani, kuma da izinin Baba Makanike zan ɗora a kan abin da ya faɗa, domin tsarin da ya ba ka shi ne daidai.

Jikin mota abu ne mai ƙarfi, ba ya lanƙwashewa da sauƙi idan aka kwatanta shi da sifirin. Ka ɗauke shi kamar teburi mai ƙafa huɗu. Teburi yana iya karkata gefe, yana iya sunkuyawa gaba, amma ba zai yiwu bayansa ya karkata da milimita 18 gabansa kuma ya karkata da 7 kawai ba, sai dai idan ƙasan da yake kai ba a shimfiɗe yake ba. Ga hanyar gwadawa: haɗa gaba hagu da baya dama, 345 da 350, ka samu 695. Haɗa gaba dama da baya hagu, 352 da 332, ka samu 684. A kan daɓe mai kyau, idan fendojin motar daidai suke, ya kamata jimlar biyun su zo kusan ɗaya ko da yaya aka saita zobba. Kai kuwa akwai milimita 11 a tsakani, kuma wannan 11 ba sifirin ne ya kawo ta ba, ba bushin ba ne, ba kuma sitabilaiza ba ce. Ko dai daɓen ne a murɗe, ko kuma fenda ɗaya ta fi ɗaya sauka, abin da yakan faru ko a motar da ba ta taɓa haɗari ba, balle wadda aka taɓa bugun jikinta.

A nan ne zan ɗan saɓa wa Direban Dare. Juya mota yana tona gangaren da ya tafi gefe guda, amma ba ya tona murɗewa. Idan ka juya ta, tayar gaba hagu tana komawa inda ta baya dama take, ta gaba dama kuma tana komawa inda ta baya hagu take, wato kowace giciye tana nan a kan wuraren da take tun farko. Shi ya sa lambobinka ba su canza ba, kuma hakan bai wanke daɓen ba. Abin da za ka yi shi ne ka yi wa wuraren da tayoyi huɗun ke tsayawa alama da alli, ka samu siririn tiyo mai gani-har-hanji ka cika shi da ruwa, ka kafa rula a kowane wuri ka karanta inda ruwan ya tsaya. Duk wurin da ya yi ƙasa ka cike shi da fallayen ƙarfe ko tayil na roba har huɗun su daidaita. Ka kuma nemi wurare biyu a ƙasan shasi da suke daidai da juna hagu da dama, kamar inda ake kafa jak idan bai lotsa ba, ka auna daga can zuwa ƙasa. Shasi ya fi fenda gaskiya.

Yanzu ga dalilin abin da ya faru da ka juya zagaye biyar. Yawancin irin wannan tiredi yana tafiya milimita 1.5 ko 2 a kowane zagaye. A ce naka 2 ne, ka ɗaga mazaunin da milimita 10 ke nan. Amma sifirin ɗinka ba a kan taya yake ba, yana can ciki a kan hannun ƙasa. Idan nisansa daga maƙalin hannun ya kai kamar kashi 65 cikin ɗari na nisan taya, milimita 10 a wurin sifirin daidai take da kusan 15 a wurin taya. To me ya sa ba ka ga 15 ba? Saboda teburin nan ne. Idan aka ɗauka ƙarfin kusurwoyin huɗu ɗaya ne, ɗaga kusurwa guda yana ba ita kanta kusan kashi uku cikin huɗu na abin da aka ɗaga, maƙwabtanta biyu kowacce ta hau da kashi ɗaya cikin huɗu, wadda ke giciye da ita kuma ta sauka da kashi ɗaya cikin huɗu. Dubi abin da ka samu: hagu ya hau 10, dama ya hau 3, bambanci ya ragu da 7, kusan rabin 15. Motarka ba ta yi wani abin mamaki ba. Da ka auna gaba a lokacin, da ka ga gaba dama ta ɗan yi ƙasa.

Sauran abin da bai fito a matsayin tsayi ba, nauyi ya zama. Da ka ɗaga baya hagu, ka ƙara wa tayar baya hagu da ta gaba dama nauyi, ka rage wa sauran biyun. Wannan shi ne abin da ka ji a kwana. Muna auna shi ne da sikeli huɗu, ɗaya a ƙarƙashin kowace taya. Ɗauki misalin mota mai kilo 1,300 da direbanta: gaba hagu 400, gaba dama 380, baya hagu 270, baya dama 250. Babu taya biyu da suka ɗauki nauyi ɗaya, amma giciyen gaba dama da baya hagu ya ba da 650, ɗayan giciyen ma 650, wato kashi 50 cikin ɗari kowanne. Wannan ake nema ga motar da za ta sha kwanar hagu da ta dama da hali ɗaya. Ka lura kuma cewa juya zobe ba zai taɓa kwashe nauyi daga hagu ya mayar dama ba, ko daga gaba ya mayar baya. Jimlar hagu za ta zauna 670, ta dama 630, sai dai idan ka ɗauke batir ko wani kaya ka canza masa wuri. Giciye kaɗai zobe yake sauyawa.

Saboda haka Direban Dare yana da gaskiya cewa ba dole ba ne tiredi ya zo daidai a gefe biyu. Sifirin mai 6K yana matsuwa milimita ɗaya a kan kowane kilo 6, amma saboda zamansa can ciki, abin da taya take ji bai wuce kusan kilo 2.5 a kan milimita ɗaya ba, don haka ƙarin kilo 10 a kan tayar zai iya cin milimita kusan 4 idan babu sitabilaiza da za ta taimaka. Zagaye ɗaya ko biyu domin rama irin wannan ba laifi ba ne. Amma don ka share 18 da zobe guda sai ka yi zagaye goma sha biyu ko fiye, kuma wannan ba saiti ba ne, ɓoye matsala ne. Idan bayan an gama komai motar tana karkace hagu gaba ɗayanta, a ɗaga gaba hagu da baya hagu tare, ko a raba gyaran tsakanin hagu da dama, domin giciyen ya zauna yadda yake.

Abu ɗaya da ba a ambata ba: gaba dama da ta yi tsawo tana danne baya hagu. Ka cire tayoyin gaba ka auna tsawon koyilobar biyu daga sama zuwa kusar ƙasa, ka kuma auna tsawon sifirin a matse a kowane gefe. Na sha samun laifin baya a gaba.

Tsohon Makanike:

Madalla da wannan bayani, ban da abin cirewa a ciki. Zan ƙara magana ɗaya game da shokozobar da ka ce ka ƙara wa tsawo motar ba ta motsa ba. Ba za ta motsa ba, domin a irin ƙafarka ta baya sifirin ne kaɗai yake ɗauke da mota. Tsawon shokozoba yana yanke iyakar inda taya za ta iya sauka da inda za ta iya hawa ne kawai. Amma kada ka raina shi. Idan ta yi tsawo da yawa, duk lokacin da ƙafar ta yi reto sifirin zai saki, ya yi ƙara, har ma ya iya barin gurbinsa. Idan ta yi gajarta, tayar za ta rasa wurin sauka a rami, motar ta riƙa fizga. Ka ɗaga motar ƙafa tana reto, ka kama sifirin da hannu: ya kamata ya kasance a riƙe, ba ya wasa, amma ba a matse shi fiye da kima ba. Ka daidaita gefe biyun, ka kuma tabbata jikin shokozobar ya shiga cikin ƙafarta gwargwadon abin da takardar kamfanin ta ce, domin tiredi kaɗan ba ya riƙe mota a gargada.

Mai Farar Mota:

Na dawo da labari, kuma na bi maganarku ɗaya bayan ɗaya ba tare da na taɓa zoben baya ba.

Na fara da tiyon ruwa. Ashe wurin da tayar baya hagu take tsayawa ya fi sauran tudu da milimita 8, abin da ido ba ya gani ko kaɗan. Da na cike sauran wuraren uku da tayil na sake aunawa, sai gaba ta ba da 343 da 354, baya kuma 334 da 348. Wato bambancin baya ya sauka zuwa 14, na gaba kuma ya hau zuwa 11, kamar yadda Mai Sikeli ya nuna: motar gaba ɗaya ce take karkace, ba bayanta kaɗai ba.

Daga nan muka hau rami. Da muka kwance linkejin baya na dama, sandar ta yi tsalle da ƙara, kuma da na jera linkej ɗin biyu a ƙasa ɗaya ya fi ɗaya tsawo a fili. Muka bar ta a kwance, muka tura motar, bambancin baya ya koma 10. Sai bushin. Baba, ranka ya daɗe, kamar kana wurin aka yi aikin. Da aka sassauta kusar ciki ta hannun dama, na ji robar ta yi ƙara tana warwarewa, na kuma ga bayan motar ya sauka da idona. A hagu ba a ji komai sosai ba. Muka danna, muka tura, muka ɗaure tana zaune a kan tayoyinta, bambancin ya zama 6.

A gaba kuma, koyilobar dama ta fi ta hagu tsawo da milimita 6, domin ƙafarta ta ƙasa ba a murɗa ta ta shiga daidai da ɗayar ba, ko da yake zobban sifirin daidai suke. Muka gyara wannan. Yanzu gaba 346 ce hagu da dama, baya kuma 336 a hagu, 339 a dama. Na auna daga ƙasan shasi, gefe biyun ba su bambanta da fiye da milimita ɗaya ba, saboda haka na ɗauka ukun da ta rage ta fenda ce, na kuma bar ta. Linkej ɗin muka saita tsawonsa ina zaune a kujerar direba, har kusar ta shige raminta da hannu ba tare da an danna komai ba. Na kulle duk zobban, na ja musu layi da fenti domin in gane idan wani ya motsa.

Abin da ya rage mini shi ne, tun da bayan ya ƙara sauka, tayar baya tana ɗan gogar fenda idan na ɗauki mutum uku a baya na hau tudun rage gudu. Ina tunanin in ɗaga gefe biyun tare.

Mai Sikeli:

Ɗaga su tare, zagaye ɗaya ɗaya daidai wa daida. Idan tiredinka milimita 2 ne, zagaye uku a kowane gefe zai ba ka kusan milimita 9 a wurin taya, kuma tunda gefe biyun ne a lokaci guda, wannan karon za ka ga kusan duk abin da ka ɗaga. Bayan haka ka sake duba tsawon shokozoba kamar yadda Baba ya ce, domin ɗaga mazauni yana ƙara matse sifirin idan ƙafa tana reto, ka kuma sake sassauta bushin ka ɗaure a sabon tsayin. Sai ka yi 'yan kwanaki kana hawa, ka sake aunawa a kan tayil ɗinka, sannan ka kai ta alaimen, domin duk canjin tsayi yana canza kwanciyar taya da inda take fuskanta, kuma tun ranar da aka sa koyilobar tayoyinka suke cin gefe ba ka sani ba. Idan motarka tana da ɗan sandan nan da ke maƙale a hannun baya yana saita fitilun gaba, ka duba haskensu a jikin bango da dare, don kada su riƙa kashe wa masu tahowa ido. Idan ka samu wurin da ke da sikeli huɗu, ka hau da tanki rabi kana zaune a ciki, ka turo mana lambobin huɗu mu duba giciyen tare.